Sari, Shalwar da Lungi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Suturar Yau da Kullum a Kudancin Asiya

Yawancinmu a fim muka fara ganin kayan mutanen Indiya, tun zamanin da gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos ke cika maƙil. Sai dai abin da fim ke nunawa kayan biki ne da na rawa, masu duwatsu da walƙiya. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi ɗaya ɓangaren ne, wato abin da malamar makaranta a Chennai ko mai shago a Peshawar yake zurawa da safe ya fita nema, da dalilin da ya sa har yau bai bar shi ba.

Su wa ake nufi da mutanen Kudancin Asiya, kuma suturarsu iri ɗaya ce?

Ana nufin Indiya, Pakistan, Bangladesh, Sri Lanka, Nepal, Bhutan da tsibiran Maldives, wasu kuma kan haɗa da Afghanistan. Jama'ar yankin ta kusa biliyan 2, don haka ba a ma fara maganar sutura iri ɗaya.

Amma za a iya raba ta gida biyu. Akwai wadda ba ta ga allura ba, ƙyalle ne kawai ake ɗaurawa: sari na mata, dhoti da lungi na maza, da mundu na mutanen Kerala. Akwai kuma ɗinkakkiya: shalwar kamiz, wato doguwar riga mai tsaga a gefe da wando mai yalwar hantsa, da kurta, riga mai kama da kaftani, da churidar, wando mai matse ƙwauri. Ɗinkakkun sun fi ƙarfi a arewa da yamma, inda aka daɗe ana cuɗanya da Farisa da tsakiyar Asiya. Na ɗaurawa sun fi yawa a kudu da gabas, inda zafi ke haɗe da gumi. Mata masu shalwar kamiz kan ɗora dupatta, wani dogon gyale da ake yafawa a kafaɗa ko a rufe kai da shi.

Da gaske kullum suke sawa, ko sai sallah da biki?

Ya danganta da ƙasa, ya kuma danganta da namiji ne ko mace. A Pakistan, shalwar kamiz kayan kowa ne: direban babbar mota, ɗan majalisa, mai aski, malamar asibiti. A Indiya mata ne suka fi riƙe na gargajiya. Namijin birni ya daɗe da komawa shat da wando a wajen aiki, amma in ya dawo gida da yamma, musamman a kudu, abu na farko shi ne ya tuɓe wandon ya ɗaura lungi. Haka abin yake a Bangladesh, inda mai tuƙa keken haya da manomi da masunci ke wuni da lungi.

Akwai wani sauyi da ya faru a tsakanin matan kansu. 'Yan matan da iyayensu suka tashi da sari, yanzu da yawansu shalwar kamiz ko kurta da wandon jins suke sawa ranar aiki, sari kuma sai taro. Dubi matan da ke tururuwa zuwa masana'antun ɗinki na Dhaka da sassafe, kusan dukkansu shalwar kamiz ne a jikinsu. Ba su bar kayan gida sun ɗauki na Turawa ba. Wani kayan gidan ne ya ture wani, saboda ya fi sauƙin hawa bas.

Bhutan daban take, can da dokar hukuma a ciki. Tun 1989 aka ƙarfafa dokar da ta wajabta wa maza sa gho, mata kuma kira, wato kayan gargajiyar ƙasar, a ofisoshin gwamnati da makarantu.

To mene ne sirrin? Me ya hana kayan Turawa korar su?

A ganina babban dalilin ba kishin al'ada ba ne, ko da yake akwai shi. Kayan suna yi wa masu su aiki ne.

Fara da zafi. A watan Mayu da Yuni Delhi kan kai maki 45 a ma'aunin Salshiyas, garin Jacobabad na lardin Sindh kuma ya sha haura 50. Wanda ya san bazarar Sakkwato ko Maiduguri ba sai an yi masa dogon bayani ba. Auduga mara nauyi, mai yalwa, da ba ta manne wa fata, tana barin iska ta ratsa ta busar da gumi, tana kuma kare jiki daga rana. Tsagar da ke gefen kamiz ba ado ba ce kawai, ita ke barin rigar ta yi fifita in mutum yana tafiya.

Sai yanayin zama. Mutanen yankin a ƙasa suke cin abinci da yawansu, a ƙasa suke hira, tsugunno suke yi a gona da bakin murhu da bayan gida. Musulmi na ruku'u da sujada sau biyar a yini, mabiya Hindu da Sikh suna tanƙwashe ƙafa a wuraren ibadarsu. Wando mai bel da matsattsen ƙugu an yi shi ne domin mai zama a kujera. Shalwar kuwa zariya gare shi, hantsarsa ta ishi mutum ya durƙusa ba tare da fargabar jin "ɓarr" a bayansa ba, rigar kuma ta sauko ta rufe abin da ya kamata.

Na uku, kayan ba sa rigima da jiki. Sari ba shi da lamba. Wanda mace ta ɗaura tana amarya, shi za ta ɗaura tana da ciki wata takwas, shi za ta ba 'yarta ko da ɗiyar ta fi ta tsawo. Rigar ciki kawai ake sakewa. In ya tsufa ma ba a yar da shi: a Bengal mata kan jera tsofaffin sari su bi su da ɗinkin hannu, su zama bargon da ake kira kantha.

Na huɗu shi ne tela. Darzi, kamar yadda suke kiransa, yana kowace unguwa, kuma kuɗin ɗinkinsa bai fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba. Muddin sayen yadi da kai wa tela ya fi arha ko ya yi daidai da sayen na kanti, mutum zai ci gaba da sa abin da aka auna a jikinsa. A Turai wannan hanya ta zama ta masu kuɗi, shi ya sa kowa ya koma kayan kanti. A Lahore da Dhaka ba ta mutu ba. Telolin can ma, in azumi ya raba tsakiya, sukan daina karɓar ɗinkin sallah, kuma suna saɓa alkawari kamar na ko'ina.

Yaya mace za ta yi aiki da ƙyalle yadi 6 a jikinta bai kwance ba?

Sari na yau da kullum yadi 6 ne, kimanin mita 5 da rabi. Ana fara sa fatari mai zariya, a cusa bakin ƙyallen a ƙugu, a zagaya sau ɗaya, a yi tattara a gaba a cusa, sauran kuma a ratsa ƙirji a jefa a kafaɗar hagu. Wannan jelar da ke lilo a baya ita ce pallu. Wadda ta saba, cikin 'yan mintuna ta gama, sau da yawa da fil ɗaya ko biyu.

Pallu ita ce ma'aikaciyar sari. Da ita ake rufe kai in an shiga rana ko an ga surukai, da ita ake sauke tukunya, a share wa yaro fuska, a ƙulle 'yan canji ko makullan gida a bakinta. In aiki ya yi aiki, sai a zagayo da ita a soke a ƙugu. Mata na ɗaukar bulo a ka a wuraren gini da sari, suna dashen shinkafa cikin ruwa da shi, sun tattare shi zuwa gwiwa.

Ɗaurin da muka saba gani a fim kuwa ba shi kaɗai ba ne, kuma bai tsufa kamar yadda ake zato ba. Masu bincike sun tattara salon ɗauri sama da 100. A Maharashtra akwai mai yadi 9, wanda ake ratsawa tsakanin ƙafafu a soke ta baya, ya koma tamkar wando. Matan Gujarat gaba suke sauko da pallu. Haɗa sari da 'yar riga da fatari yadda ake yi yanzu ya bazu ne a ƙarni na 19, kuma ana yawan danganta shi da Jnanadanandini Devi, surukar gidan Tagore na Kolkata, wadda ta bi mijinta Bombay a shekarun 1860, ta ga yadda matan Farsawan birnin ke shiri, ta gyara ta kai gida.

Ina siyasa ta shigo cikin maganar tufafi?

Tun daga mulkin mallaka. Kafin Ingila ta kafa masaƙun inji, ita ke sayen yadi daga Indiya, har ta kai majalisarta ta yi dokoki a 1700 da 1721 don taƙaita yadin Indiya mai zane, saboda ya hana masaƙanta ciniki. Daga baya reshe ya juye da mujiya: audugar Indiya ta riƙa tafiya masaƙun Lancashire a Ingila, tana dawowa a matsayin yadi mai arha, masaƙan gida suka rasa abin yi.

Wannan ne ya sa masu neman 'yanci suka mai da tufafi makami. A 1905 aka fara gangamin ƙaurace wa kayan Ingila a Bengal. Gandhi ya ɗauki kaɗi da saƙar hannu, wato khadi, ya ce kowa ya kaɗa zarensa. A watan Satumba na 1921, a garin Madurai, ya ajiye riga da hula ya koma ɗan guntun dhoti irin na talakawa, kuma da shi ya shiga fadar Buckingham a 1931. Har zuwa ƙarshen 2021, ƙa'ida ita ce tutar Indiya ta ƙyalle da khadi ake yin ta. Farar kurta ta khadi kuwa ta zama rigar 'yan siyasa, har ta kai talaka in ya hango ta yakan fara tunanin zaɓe ya matso.

A ɓangaren Pakistan, Muhammad Ali Jinnah, wanda ya jagoranci kafa ƙasar, lauya ne da ya shahara da kwat ɗinkin Landan, amma a taron jam'iyyarsa na Lucknow a 1937 ya fito da sherwani, doguwar riga mai maɓallai har wuya, da hular fatar ɗan rago wadda har yau sunansa take amsawa. Zulfikar Ali Bhutto ne ya riƙa hawa dandalin siyasa da shalwar kamiz a shekarun 1970 a matsayin kayan talakawa, sannan a farkon shekarun 1980 gwamnatin Janar Ziya'ul Haƙ ta umarci ma'aikata su riƙa zuwa ofis da kayan ƙasa. Abin da a da ake ganin na ƙauye ne, ya shiga ofishin babban sakatare.

Ba kowa ne ya bi wannan layi ba. B. R. Ambedkar, jagoran 'yan Dalit da aka daɗe ana ƙyama, wanda ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya, kwat da wando yake sawa da gangan. Ga mutanen da al'ada ta hana su sa sutura mai kyau, kayan gargajiya ba abin marmari ba ne. A masarautar Travancore ta kudancin Indiya sai da matan ƙananan dangi suka yi shekaru suna gwagwarmaya kafin a 1859 a yarda su rufe ƙirjinsu. Shi ya sa gumakan Ambedkar da ke ƙauyukan Indiya suke sanye da shuɗiyar kwat.

Ana raina mai kayan gargajiya a can?

Ana yi, musamman maza, kuma musamman na ɗaurawa. A 2014 wani kulob na wasan kurket a Chennai ya hana alƙalin babbar kotu shiga saboda ya zo da dhoti. Abin ya tada ƙura har majalisar jihar Tamil Nadu ta yi doka a shekarar, wadda ta haramta korar mutum daga irin waɗannan wurare saboda kayan gargajiya. A 2024 wani katafaren kanti a Bengaluru ya mai da wani dattijo manomi daga ƙofa kan dalili ɗaya, hukuma ta rufe kantin na wasu kwanaki. A Dhaka ma, a 2013, wata unguwar masu hali ta nemi hana masu keken haya shiga da lungi, matasa suka ɗaura lungi suka fito zanga-zanga.

Abin lura, da wuya a ji an kori mace mai sarin siliki daga otal. Rainin na talauci ne.

Shalwar na Musulmi ne, sari na Hindu?

Haka mutane da yawa suke ɗauka, amma yanki ya fi addini ƙarfi a wannan batu. Matan Sikh da Hindu na Punjab shalwar kamiz ne kayansu tun kaka da kakanni. Matan Musulmi na Bengal kuma da sari suka tashi. Mata biyun da suka yi shekaru suna karɓa-karɓar mulkin Bangladesh, Sheikh Hasina da Khaleda Zia, ba a san su da wata sutura ba sai sari, da jelarsa a ka.

Masu tambaya ko sari ba ya barin ciki a waje, amsar ita ce ya danganta da mai ɗaurawa. 'Yar fim da 'yar guntuwar riga daban, dattijuwar Sylhet mai riga mai dogon hannu da ta lulluɓe har ka daban, ƙyallen kuwa ɗaya ne. A 'yan shekarun nan abaya da hijabi irin na ƙasashen Larabawa sun ƙaru a tsakanin Musulmin yankin, amma yawanci a kan shalwar kamiz ake ɗora su in za a fita.

Mene ne wannan lawn da matan Pakistan ke rububi?

Yadin auduga ne mai laushi, shara-shara, na bazara. Ana sayar da shi a ƙunshi uku ba a ɗinka ba: na riga, na wando, da dupatta, an riga an haɗa launukan. Da zarar sanyi ya fara ja baya, wajen Fabrairu zuwa Maris, kamfanoni irin su Gul Ahmed, Alkaram, Sana Safinaz da Khaadi sukan fito da sababbin zane, allunan talla su cika Karachi da Lahore, wasu zanen su ƙare a ranar farko. Ba a rufa mako biyu kwaikwayonsu ya cika kasuwa da rabin kuɗi ko ƙasa da haka, da yawa daga Faisalabad, cibiyar masaƙun ƙasar.

Lawn ya nuna cewa kayan gargajiya ba tsaye suke wuri guda ba. Bana riga ta sauka har ƙwauri, baɗi ta haura gwiwa; wando ya yi faɗi, ya tsuke, ya koma miƙaƙƙe. Mace na iya bin yayi iya son ranta ba tare da ta fita daga shalwar kamiz ba, don haka ba ta da dalilin fita.

Har yanzu da hannu ake saƙa su?

Kaɗan daga ciki. Ƙidayar gwamnatin Indiya ta 2019 zuwa 2020 ta samu kimanin mutum miliyan 3 da rabi a sana'ar saƙar hannu, sama da kashi 70 cikin 100 mata. Akwai sarin jamdani na bakin kogin Shitalakshya kusa da Dhaka, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2013, wanda masaƙa biyu kan shafe makonni ko watanni a kan guda ɗaya. Akwai silikin Banaras da na Kanchipuram, da surfanin chikan na Lucknow, fari a kan fari, da ajrak na Sindh mai rinin baba da ja. Kamfanin Fabindia, da aka kafa a 1960, da Aarong na Bangladesh, da aka kafa a 1978, sun yi suna wajen kai irin wannan aiki kantunan birni.

Amma kada a yaudari kai. Sarin da mai shara ko mai tallan kayan miya take ɗaurawa yawanci na roba ne daga injinan Surat a Gujarat. Ya fi zafi a jiki, amma yana da arha, ba ya son guga, yana bushewa da wuri a damina, launinsa ba ya koɗewa. Saƙar hannun da Gandhi ya ɗauka don talaka, yau mai kuɗi ne ya fi iya sayenta.

Da sanyi fa?

Mayafin ulu ake ɗorawa, ko 'yar shara mai kauri a kan kurta. A Kashmir akwai pheran, burmemiyar riga ta ulu, wadda ake shigar da kangri a cikinta, wato ɗan kaskon garwashi a cikin kwando, mutum ya rungume abinsa yana yawo.

Ba su da wata illa?

Suna da ita. Dupatta da jelar sari kan shiga ƙafar babur ko ta keken haya, kuma likitoci a Indiya da Pakistan da Bangladesh sun rubuta rahotanni kan munanan raunukan wuya da hakan ke jawowa. Shi ya sa dokar Indiya ta wajabta sa wa babur wata ragar ƙarfe a gefen ƙafar baya. Matanmu masu hawa acaɓa da dogon hijabi ko gyale su ma abin ya shafe su. Sarin roba kusa da risho haɗari ne, don in ya kama wuta narkewa yake yi a fata. Zariyar fatari da ake tamkewa a wuri ɗaya shekara da shekaru kan yi wa ƙugu tabo, wani lokaci har gyambo. Ga kuma rashin aljihu a yawancin kayan mata, abin da ya sa waya ke ƙarewa a hannu ko a cikin riga.

In ina so in sa a nan gida, me ya fi dacewa?

Shalwar kamiz ya riga ya zama ɗan gari, tunda riga da wandon da 'yan mata ke kira Pakistan ba baƙo ba ne a Kano ko Zariya. Na maza kuwa bai yi nisa da kaftani da wando ba, bambancin yana wajen kwala da faɗin wando, kuma duk telan da ya iya kaftani zai iya shi in an ba shi samfur. A nemi auduga zalla in don zafi ake so. Yawancin masu duwatsu da ake kawowa kanti na roba ne, na fita biki, ba na wuni ba. In za a saya ɗinkakke ta intanet, a bi awon inci, kada a bi harafin lamba, domin yankan can yakan yi ƙaranci a kafaɗa da hannu.

Sari kuwa sai an koya, kuma ba a koyonsa ranar biki. Wadda za ta fara, ta fara da mai laushi mai zubowa, don auduga mai sitati tana wahalar tattarawa.

Yaya ake wanke su kada su lalace?

Mai rinin baba ko ja mai duhu, irin su ajrak da bandhani mai rinin ɗauri, zai zuba a wankin farko da na biyu, don haka a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, kada a jiƙa ya kwana. A shanya a inuwa, a bai-bai. Yadin auduga da ba a ɗinka ba, a tsoma shi a ruwa ya bushe kafin a kai wa tela, in ba haka ba rigar za ta ɗage bayan wankin farko. Mai surfani ta baya ake goge shi. Siliki mai zaren zinariya ba ya son omo ko kaɗan: a naɗe shi cikin farin ƙyallen auduga, a riƙa fito da shi bayan 'yan watanni ana sauya ninkin, don a kan layin ninki yake fara tsagewa.